Darasi na 12: Ziyarar Tsofaffin Fadojin Dutse na Sikotlan

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin inda Sikotlan take, da dalilan da suka sa sarakunanta suka gina fadojin dutse;
2. bayyana manyan sassan fada da amfanin kowane sashe;
3. ba da taƙaitaccen tarihin fadoji huɗu daga cikin waɗanda aka ambata;
4. rarrabe ginin asali da wanda aka sake ginawa daga baya;
5. bayyana abin da ke sa tsohon gini ya daɗe, da abin da ke kashe shi.

Gabatarwa

Sikotlan ƙasa ce a arewacin tsibirin Birtaniya. Ingila na kudu da ita, sauran ɓangarorinta kuwa teku ne ya kewaye su. Babban birninta shi ne Edinbura. Ƙasa ce mai tuddai da tafkuna da tsibirai, ga sanyi, ga ruwan sama da ba ya zaɓen wata. Ɗaruruwan shekaru ta yi tana da sarkinta da majalisarta, sai a 1707 ta haɗa majalisa ɗaya da Ingila.

A wannan darasi, idan muka ce fada, muna nufin gidan sarki ko na wani babban basarake da aka gina yadda zai iya tare abokan gaba: bango mai kauri, ƙofa mai wuyar shiga, da hasumiya. Irin waɗannan gine-gine sun haura dubu a Sikotlan. Wasu sun zama kango, wasu tarin duwatsu, wasu kuma suna nan daram, mutane daga ko'ina a duniya suna biyan kuɗi su shiga.

Baƙo da yawa yakan shiga, ya ɗauki hoto, ya fita bai ƙaru da komai ba. Wanda ya san abin da zai duba kuwa, bango da ƙofa da murhu za su gaya masa wanda ya yi ginin, da abin da yake tsoro, da yadda mutanensa suke rayuwa, da kuma hannayen da suka hana ginin faɗuwa. Koyon wannan irin kallo shi ne aikinmu a yau.

Daga katako zuwa dutse

Sarki David na I ya mulki Sikotlan daga 1124 zuwa 1153. A fadar Ingila ya yi ƙuruciyarsa, kuma da ya hau gadon sarauta sai ya gayyato barade masu asali daga arewacin Faransa, ya ba su ƙasa bisa sharaɗin su fito masa da mayaƙa duk lokacin da ya nema. Ɗaya daga cikinsu shi ne Robert de Brus, wanda aka ba yankin Annandale a kudu maso yamma. Daga zuriyarsa aka sami Sarki Robert Bruce, wanda za mu haɗu da shi nan gaba.

Waɗannan barade baƙi ne a ƙasar da aka ba su, don haka abin da suka fara nema shi ne wurin kwana lafiya. Sukan haƙa rami a zagaye, su tara ƙasar a tsakiya ta zama tudu, su kafa hasumiyar katako a kansa, su kewaye da shingen gumagumai. Aiki ne mai sauri kuma mai araha, sai dai katako yana cin wuta, yana kuma ruɓewa. Abin da ya rage na irin waɗannan gidaje a yau tudu ne kawai mai ciyawa.

Daga ƙarshen ƙarni na 12 aka soma gini da dutse da kwaɓin farar ƙasa. Fadar Sween, a gaɓar tekun yamma, tana cikin mafi tsufa da ke tsaye har yau. A wancan yanki jirgin ruwa ne dokin basarake, shi ya sa fadojinsa suke bakin ruwa.

Ayyuka uku fada take yi. Mafaka ce lokacin yaƙi. Gida ce ga basarake da iyalinsa da barorinsa. Sannan cibiyar mulki ce: nan ake shari'a, nan ake tara haraji, nan ake tsare mai laifi.

Abin da mai ziyara zai duba

*Wurin da aka zaɓa.* Kafin ka shiga, tsaya daga nesa ka tambayi kanka: me ya sa nan? Kusan kullum amsar tana gabanka: mashigin kogi, ko hanya tsakanin tuddai, ko mashigin jiragen ruwa, ko wani dutse da ba ya hawuwa sai ta gefe ɗaya.

*Gwalalo da gada.* Inda wurin bai da kariyar dutse, sai a haƙa gwalalo mai zurfi, wani busasshe, wani cike da ruwa. Gadar katako ce ke tsallaka shi, kuma ana ɗage ta idan hankali ya tashi.

*Ƙofa.* Nan ne raunin kowace ganuwa, don haka nan magina suka fi zuba basira. Duba jikin bangon zaure, za ka ga wata tsaga da ta sauko daga sama: ta nan ake sako ƙyauren da ke zamewa ƙasa. Maƙeran Sikotlan kuma sun shahara da wani ƙyaure na sandunan ƙarfe da aka sarƙa cikin juna. Wuta ba ta cin sa, gatari ba ya sara shi.

*Bango da tagogi.* Kaurin bango yakan kai mita 3 ko fiye. Tagogin ƙasa siraran tsagogi ne daga waje, amma daga ciki suna da faɗi, yadda maharbi zai juya bakansa hagu da dama alhali na waje ba ya ganin sa. In ka ga rami mai zagaye kamar bakin tulu, to na bindiga ne, kuma alama ce cewa an yi wannan sashe bayan zuwan albarushi. In kuwa ka ga manyan tagogi a ƙasa, an buɗe su ne a zamanin da tsoro ya ragu.

*Hasumiya da matakala.* Daga ƙarni na 14 sarakuna da hakimai suka koma gina gida mai tsayi, ɗaki bisa ɗaki: ma'aji a ƙasa, zauren taro a tsakiya, ɗakin kwanan mai gida a can sama. Matakalar siririya ce mai murɗewa a cikin bango, mutum ɗaya take ɗauka.

*Rijiya da ma'aji.* Fadar da aka yi wa ƙawanya ba ta wuce kwanakin ruwanta da hatsinta. Sau da yawa yunwa ce ke buɗe ƙofar da takobi ya kasa.

Fadar Edinbura

Tana zaune a kan wani baƙin dutse, ragowar dutse mai aman wuta da ya mutu tun zamanin da. Ta gefe uku gangare ne mai tsananin tsayi, sai ta gabas kaɗai ake hawa, ta babban titin tsohon birni.

Gini mafi tsufa a cikinta, kuma a duk birnin, wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada ne da David na I ya gina wajen 1130 don tunawa da mahaifiyarsa, Sarauniya Margaret, wadda ta rasu a 1093. Dalilin da ya sa shi kaɗai ya rage daga wancan zamani yana cikin labarin yaƙi. A 1296 Sarki Edward na I na Ingila ya mamaye Sikotlan, ya zuba dakarunsa a manyan fadojinta. A watan Maris na 1314, Thomas Randolph, ɗan'uwan Robert Bruce, ya ɗauki mutum kamar 30 suka hau dutsen cikin dare ta inda masu gadi ba su taɓa zato ba, suka haura bango da tsani, kafin gari ya waye fada ta koma hannunsu. Bruce ba shi da isassun mayaƙan da zai ajiye a ciki, kuma ya san in ya bar ta Ingilawa za su dawo. Sai ya sa aka rushe ta, aka bar ɗakin ibadar kawai.

Mai ziyara zai ga igwar da ake kira Mons Meg, wadda aka ƙera a 1449 aka ba Sarki James na II kyauta a 1457. Nauyinta ya kai tan 6, kuma dunƙulen dutsen da take harbawa yakan kai kilo 150. Zai ga ɗan ƙuƙumin ɗakin da Sarauniya Mary ta haifi James na VI a 1566, wanda ya gaji sarautar Ingila a 1603 ya haɗa kambi biyu. Zai kuma ga kayan sarautar ƙasar: kambi da sandar mulki da takobi. An kulle su a akwati bayan 1707, aka toshe ɗakin, sai a 1818 marubuci Walter Scott ya sami izini aka buɗe, aka same su lafiya. Kullum da ƙarfe ɗaya na rana, in ban da Lahadi da wasu ranakun bukukuwa, ana buga igwa daga kan ganuwa. Tun 1861 ake yin haka, da farko don matuƙan jiragen ruwa su daidaita agogonsu.

Fadar Stirling

In Edinbura kujerar mulki ce, Stirling mabuɗin ƙasa ce. A da, duk mai son wucewa daga kudu zuwa arewa da runduna sai ya tsallake Kogin Forth a nan, domin ta gabas kogin ya yi faɗi, ta yamma kuma fadama ce mai cin ƙafa. Shi ya sa manyan yaƙe-yaƙe biyu na neman 'yancin Sikotlan suka faru a gaban fadar. A 1297 William Wallace da Andrew Moray suka bari rundunar Ingila ta soma tsallake siririyar gadar katako, sannan suka auka wa waɗanda suka haye. A watan Yuni na 1314 Robert Bruce ya karya rundunar Edward na II a Bannockburn, ɗan nesa kaɗan kudu da garin.

Tsakanin waɗannan biyu, a 1304, Edward na I ya yi wa fadar ƙawanya wata uku. Ya sa kafintoci suka haɗa masa wata ƙatuwar majaujawar katako mai jefa manyan duwatsu. Da masu tsaron suka ga abin, suka nemi miƙa wuya, amma ya ƙi karɓa sai da ya gwada ta a kan bango.

Yawancin abin da ke tsaye a yau an gina shi ne daga baya. James na IV ya kammala babban zauren taro wajen 1503, ɗansa James na V ya gina gidan sarauta mai mutum-mutumin dutse a jikin bango, kuma a wannan fada aka naɗa Mary sarauniya a 1543 tana 'yar wata 9. Bayan sarauta ta koma Landan, sojoji suka mai da wurin bariki, suka yanka babban zauren zuwa ɗakuna hawa-hawa. Da suka fita a 1964 aka shiga aikin mai da shi yadda yake, ba a gama ba sai 1999. Baƙo yakan yi mamakin launin ruwan zinariya da aka shafe zauren da shi. Magina ba su ƙirƙiro shi ba: sun sami ɓurɓushin tsohon shafen a jikin bango ne suka bi sawu.

Fadar Doune: gidan da bai sauya ba

Wanda ke son ganin yadda babban basarake yake zaune shekaru 600 da suka wuce, ya tafi Doune, kimanin kilomita 13 daga Stirling. Robert Stewart, mai sarautar Albany, shi ya gina ta a ƙarshen ƙarni na 14. Ɗan sarki ne, kuma shi ya riƙe mulkin ƙasar shekaru da dama har rasuwarsa a 1420. A 1425 Sarki James na I ya sa aka kashe Murdoch, ɗan Robert Stewart, fadar ta koma hannun sarauta. Sarakuna suka mai da ita masaukin farauta da gidan sarauniyar da mijinta ya rasu, ba wanda ya damu ya rushe ya sake. Wannan rashin taɓawa shi ya adana mana ita.

Za ka shiga ta ƙarƙashin hasumiyar ƙofa mai tsayin mita 29, ka bi wani dogon zaure mai duhu, tsohon ƙyauren ƙarfe yana gefenka, ka fito tsakar gida. Matakalar dutse ta waje za ta kai ka babban zauren taro, mai tsawon mita 20 da faɗin mita 8. Babu murhu a jikin bangonsa. A tsakiyar ɗaki ake hura wuta, hayaƙi ya fita ta wata kafa a rufi. Nan barori da mayaƙa suke ci, mai gida kuwa yana da nasa zauren a cikin hasumiya, da murhu biyu a jere.

Daga zauren ka ratsa zuwa madafa. Faɗin murhunta ya kai mita 5 da rabi, mutane da yawa za su tsaya a cikinsa ba tare da sun sunkuya ba, in ka ɗaga kai za ka hango haske can ƙarshen bututun hayaƙi. Akwai tanda a gefe. A bangon da ya raba madafa da hanyar zaure akwai manyan tagogi biyu: mai dafuwa ya ɗora akushi daga ciki, mai rabo ya ɗauka daga waje, ba wanda ya shiga hanyar wani. Murhu irin wannan yana nuna yawan bakin da ake ciyarwa, yawan bakin kuma shi ne ma'aunin girman basarake a wancan zamani. Abu guda da ya kamata baƙo ya sani: rufin katakon zauren ba na asali ba ne, an sake shi a shekarun 1880.

Caerlaverock da Dunnottar

Caerlaverock tana kudu da garin Dumfries, kusa da iyakar Ingila. Zuriyar Maxwell ce ta gina ta a shekarun 1270 da jan dutse, mai kusurwa uku, gwalalo cike da ruwa ya kewaye ta. A 1300 Edward na I ya zo mata da dubban sojoji da majaujawa. Da aka buɗe ƙofa bayan kwana biyu, sai aka tarar mutum kamar 60 ne kacal a ciki. Wannan shi ne amfanin fada: tana sa 'yan kaɗan su tsayar da masu yawa. An yi mata ƙawanyar ƙarshe a 1640 har mako 13, daga nan aka rushe bangonta na kudu don kada a ƙara yaƙi da ita.

Dunnottar kuwa tana gaɓar tekun gabas, kusa da Stonehaven, a kan wani dutse mai tsayin kusan mita 50 da teku ya kusa rabawa da ƙasa. A 1651, da sojojin Ingila ƙarƙashin Oliver Cromwell suka mamaye Sikotlan, nan aka kai kayan sarauta. Masu tsaro suka jure wata 8. Kafin su miƙa wuya an riga an fitar da kambi da sanda da takobi a ɓoye, da taimakon matar limamin cocin Kinneff, aka binne su ƙarƙashin daɓen cocin har 1660. Wurin yana da baƙin tarihi ma: a 1685 an cusa mutum 167, maza da mata, cikin ɗakin ƙasa guda saboda saɓanin addini da sarki, wasu suka mutu a ciki. Mai ziyara na gaskiya yana tsayawa a wannan ɗaki kamar yadda yake tsayawa a gaban kambi.

Tsoho ne ko sabo?

Abubuwa uku suka fi cinye fadojin Sikotlan. Na farko rushewar ganganci, irin ta Bruce, ko ta fadar Urquhart a bakin tafkin Ness, wadda sojojin gwamnati suka fasa da albarushi a 1692 da za su bar ta. Na biyu igwa: bangon fadar Tantallon, mai tsayin mita 15, ya tsaya kusan shekara 300, amma a 1651 igwogin sojojin Cromwell suka huda shi cikin kwana 12. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, shi ne ƙaura. Da zaman lafiya ya samu, masu gida suka koma sababbin gidaje masu haske da ɗumi. Rufi ya zube, ruwa ya shiga, maƙwabta suka riƙa kwasar duwatsu suna gina shinge.

Saboda haka kada kyan gini ya ruɗe ka. Eilean Donan, a kan ɗan tsibiri a arewa maso yamma, tana cikin fadojin da aka fi ɗaukar hotonsu a ƙasar. Jiragen yaƙin Birtaniya sun ragargaza ta a 1719, ta zauna kango kusan shekara 200, sai tsakanin 1912 da 1932 John MacRae-Gilstrap ya sake gina ta. Tarihin wurin tsoho ne, yawancin bangon kuwa na ƙarni na 20 ne. Ba laifi ba ne a sake gini, matuƙar an faɗa wa mai ziyara gaskiya.

Masu riƙe da bango

Hukumar Historic Environment Scotland tana kula da wurare fiye da 300, ciki har da Edinbura da Stirling da Doune da Caerlaverock. Wasu fadoji suna hannun ƙungiyar National Trust for Scotland, wadda aka kafa a 1931, wasu kuma suna hannun magada. Dunvegan, a tsibirin Skye, zuriyar MacLeod ke zaune a cikinta kimanin shekara 800.

Babban abokin gaba yanzu shi ne ruwa. Yana shiga tsaga, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta kumbura ta buɗa tsagar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magina sun kuma gano cewa siminti, wanda aka yi ta cusa wa tsofaffin gine-gine a ƙarnin da ya wuce, yana kulle danshi a ciki har dutse ya riƙa marmashewa. Kwaɓin farar ƙasa kuwa yana barin bango ya bushe. Don haka aka koma wa tsohuwar sana'a, kuma a 2017 aka buɗe wata cibiya a Stirling don yaɗa ilimin gyaran tsofaffin gine-gine. A 2022 hukumar ta taƙaita shiga wurare da dama don ma'aikata su hau su bincika saman bango dutse bayan dutse, saboda ƙaruwar ruwan sama. Duk fadar da ka gani tsaye, akwai magini da kafinta da maƙeri a bayanta, da kuɗin tikitin masu ziyara.

Mu da ganuwarmu

Bisa tarihin Kano, Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin, wato zamani ɗaya da ɗakin ibadar Edinbura. Gidan Rumfa kuma na Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, 'yan shekaru kafin a kammala zauren Stirling. A 1824 wani mutumin Sikotlan, Hugh Clapperton, haifaffen garin Annan da ke ƙasar zuriyar Bruce, ya shigo Kano ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 15, tsayinta ƙafa 30. Ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a zuwansa na biyu ya rasu kusa da Sakkwato a 1827.

Akwai bambanci mai muhimmanci. Fadar Sikotlan basarake da mutanen gidansa take karewa. Ganuwar Hausa kuwa gari ɗungurungum ta rungume, da kasuwa da gonaki da rijiyoyi. Amma ciwonsu ɗaya: ruwa da sakaci. Ginin ƙasa ma ya fi na dutse bukatar hannu, domin in aka daina yaɓe, damina kaɗan ta ishe shi. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke fita gayya gyaran ganuwa.

Shirin tafiya

Wanda Allah ya nufa da zuwa yana bukatar bizar Birtaniya. Daga Landan zuwa Edinbura tafiyar kamar awa 4 da rabi ce a jirgin ƙasa, daga Edinbura zuwa Stirling kuma ba ta kai awa ɗaya ba. Daga Mayu zuwa Satumba ya fi dacewa: a watan Yuni hasken rana yana haura awa 17, a Disamba kuwa kamar awa 7 ne, kuma ƙananan wurare da yawa suna rufe lokacin hunturu. A sayi tikitin Edinbura ta intanet tun kafin ranar, saboda cinkoso. A tanadi rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, domin matakalan sun siɗe. Kada a hau bango, kada a rubuta suna a jikinsa, kada a ɗauki ko tsakuwa. Tambayar ɗan jagora kuma ba abin kunya ba ce, don haka aka ajiye shi.

Taƙaitawa

Sarakunan Sikotlan sun fara da katako a ƙarni na 12, suka koma dutse. Fada mafaka ce, gida ce, kuma cibiyar mulki. Wurinta da ƙofarta da tagoginta da murhunta suna bayyana zamaninta da rayuwar mutanenta. Yaƙi da igwa sun rusa wasu, ƙaura da ruwa sun rusa mafi yawa. Waɗanda suka tsira, sun tsira ne domin an ci gaba da zama a cikinsu, ko kuma an sami masu gyara su da kayan da suka dace.

Kalmomin da za a kula da su

*Gwalalo:* ramin da ke kewaye ganuwa.
*Ƙawanya:* kewaye wuri da mayaƙa, a hana shiga da fita.
*Igwa:* babbar bindiga mai harba dunƙulen dutse ko ƙarfe.
*Hasumiya:* dogon gini mai hawa da yawa.
*Kango:* ginin da rufinsa ya zube, ba kowa a ciki.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka uku fada take yi?
2. Me ya sa Robert Bruce ya rushe fadar Edinbura bayan mutanensa sun ƙwato ta?
3. Me ya ba Stirling muhimmanci a yaƙe-yaƙen 1297 da 1314?
4. Me madafar Doune take nuna mana game da mai gidan?
5. Ta yaya taga za ta taimaka maka ka gane zamanin da aka yi gini?
6. Me ya sa magina suka fi son farar ƙasa a kan siminti wajen gyaran tsohon bango?
7. Faɗi bambanci ɗaya da kamanci ɗaya tsakanin fadar Sikotlan da ganuwar Kano.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida uku, ku tattauna: idan tsohon gini ya rushe, a sake gina shi kamar Eilean Donan, ko a gyara abin da ya rage a bar shi haka? Kowane rukuni ya kawo hujja biyu.

A gida, kowa ya zaɓi tsohon gini ɗaya a garinsu: ƙofar gari, ko masallaci, ko gidan sarki, ko rijiya. Ya je ya gani da idonsa, ya tambayi dattawan unguwa, sannan ya rubuta layi 10 a kan wanda ya gina shi, da dalilin zaɓen wurin, da sashen da yake na asali, da sashen da aka sake, da wanda ke kula da shi yanzu. A kawo aikin a darasi na gaba.